Da wace tiya ake auna dawa?

Duk wanda ya taɓa zama a taron shirya tafiyar buɗe ido, na malaman lakwal ne ko na wata ƙungiyar raya al'adu, ya san inda zance ke karkata da zarar an ambaci namun daji. Kafin a sauke shayin farko wani ya ambaci Kenya, wani ya ce Tanzaniya, wani ya zaro salula ya nuna hoton zaki kwance bisa dutse. Daga nan sai a shiga lissafin kuɗin jirgi, a tarar abin ya fi ƙarfin asusu, a yi ajiyar zuciya, a koma wata magana. Idan wani dattijo ya yi ƙarfin hali ya ce ai akwai raƙuman dawa a Gadabeji, nan cikin jihar Maraɗi, murmushin da za a yi masa irin wanda ake yi wa mutumin da ya kawo ɗumamen tuwo wurin walima ne. Hukuncin da taron ke tashi da shi, ko ba a furta ba, guda ne: a ƙasar nan babu abin gani.

Wannan hukunci ba daidai ba ne, kuma yana da tsada. Waɗanda ke yanke shi ba jahilai ba ne, mutane ne masu karatu, waɗanda yara ke ɗaukar maganarsu kamar yankan wuƙa. Kuskurensu ɗaya: sun ari tiyar wasu suna awo da ita, ba su tsaya sun tambayi wanda ya sassaƙa ta ba, ballantana abin da ya sassaƙa ta domin aunawa. Masu iya magana kuwa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Ita kalmar safari da ake ta ɗauka kamar daga Turai ta fito, ta Swahili ce, Swahili kuma ya samo ta daga Larabci, tushe ɗaya da safarar da Bahaushe ya sani tun zamanin ayari. Ma'anarta tafiya, ba ƙari. Turawan mulkin mallaka na gabashin Afirka su ne suka ɗaura mata bindiga a kafaɗa. A 1909 tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya sauka Mombasa da ayarin farauta, kafin ya fita ta Sudan a shekarar da ta biyo shi da ɗansa sun harbe manyan namun daji 512, ayarin kuma ya aika da gawa da fatun halittu sama da dubu 11 zuwa gidajen tarihin Amurka. A cikin irin wannan duniya aka haifi jerin nan da kamfanonin yawon buɗe ido ke kira manya biyar: zaki, damisa, giwa, ɓauna da karkanda. Ba don sun fi sauran kyau ko ƙaranci aka zaɓe su ba. An zaɓe su ne saboda su suka fi hatsari ga maharbin da ke bin sawu a ƙasa. Kenya ta hana farautar namun daji tun 1977, na'urar ɗaukar hoto ta maye gurbin bindiga, amma jerin maharbi bai motsa ba. Har yau da shi ake jera gandayen daji, wannan na ɗaya, wancan na biyu, kamar sakamakon jarrabawa.

A ɗauki wannan tiya a kawo ta yammacin Afirka a ga abin da za ta nuna. Baƙar karkandar wannan yanki, wadda ragowarta ta ƙarshe ta rayu a arewacin Kamaru, ƙungiyar UICN mai lura da halittun da ke gab da ƙarewa ta ba da sanarwar shuɗewarta a 2011. Ke nan tun daga Senegal har tafkin Cadi babu gandun da zai cika biyar, duk sun faɗi tun ba a shiga aji ba. Raƙumin dawa ba ya cikin jerin. Barewa ba ta ciki, haka jimina, haka dorina, haka ayu, haka dubban tsuntsayen da ke ƙetare hamada kowace shekara su sauka tafkunan ƙasar nan. Tiyar da ba ta ɗaukar gero ba a zuwa da ita kasuwar gero. Mai son zaɓen gandun da zai ziyarta, ko shi kaɗai ne da kuɗin aljihunsa ko yana jan yara arba'in a baya, tambayoyi huɗu suka kamace shi, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu a takardun tallan kamfanoni.

Ta farko: mene ne a wannan wuri wanda babu shi a wani wuri? Da wannan tambaya kaɗai jerin ke juyewa. Raƙumin dawan yammacin Afirka, mai hasken fata fiye da ƴan uwansa na gabas, shekara ɗari da suka wuce yana kiwo tun daga Senegal har bakin tafkin Cadi. Farauta, fari da saran daji suka cinye shi ƙasa bayan ƙasa, har a 1996 da aka ƙidaya ba a samu fiye da 49 ba a duniya duka, dukansu a yankin Kure da Dallol Boso, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Daga waɗannan 49 aka sake gina garken, kafin 2018 sun haura 600. Babu waya da ta kewaye su, babu ganuwa. Cikin gonakin mutane suke yawo, da damina su hau tudun da ke da sarƙaƙiya, da rani su gangara fadama su ci ganyen gawo, suna ratsa garken shanu da matan da ke dawowa daga rijiya. Baƙon da ya biya miliyoyi ya je Serengeti zai ga raƙuman dawa da yawa, amma wannan iri ba zai gan shi ba, don a Nijar kaɗai ya rage a sake cikin dawa.

A watan Nuwamba na 2018 an ɗauki takwas daga cikinsu a manyan motoci, tafiyar sama da kilomita 800, aka sauke su Gadabeji, inda rabon da a ga irinsu kusan shekara 50, tun farin shekarun 1970. A 2022 aka ƙara huɗu, kuma har sun fara haihuwa a can. Gadabeji ba sabon wuri ba ne: tun 1955 aka keɓe shi, faɗinsa hekta dubu 76, a 2017 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake gwada zaman mutum da dabba tare. Ƙasa ce ta Abzinawa da Fulani makiyaya, ta tuddan rairayi da ciyawa, mai barewa da jan biri da dila. Abin tambaya, yara nawa ne a lakwal-lakwal na Maraɗi, Tasawa ko Dakwaro aka taɓa gaya musu cewa a jiharsu aka yi wannan aiki? Da yawansu za su iya siffanta jakin dawan Tanzaniya, don sun gan shi a talabijin.

Haka zancen yake a Tarmit da Tin Tumma, gandun da aka kafa a 2012 tsakanin jihohin Damagaram, Difa da Agadas, mai faɗin murabba'in kilomita kusan dubu 97 a lokacin da aka kafa shi, ɗaya daga mafi girma a Afirka baki ɗaya. A can ne warwaji, wanda littattafan Faransanci ke kira addax, ya yi mafakarsa ta ƙarshe. Dabba ce da ke iya shafe watanni ba ta sha ruwa ba, ɗanyen ganye ya ishe ta. A 2016 masu ƙidaya suka bi yankin ta sama da ta ƙasa, uku kacal suka gani, UICN kuma ta danganta abin da hayaniyar aikin man fetur da farautar da ta biyo bayansa. A 2019 gwamnati ta sake shata iyakar gandun domin fitar da filayen mai. Ana iya jayayya kan ko ƙasa matalauciya na da wani zaɓi. Abin da ba ya jayayyuwa shi ne an yi wannan shawara ba tare da wani gagarumin motsi daga ƴan ƙasa ba, domin mafi yawan masu karatun da za su iya ɗaga murya ba su san akwai dabbar ba. Wanda aka koya wa cewa gidansu babu komai, ba ya kuka ranar da aka kwashe kayan gidan.

Sai gandun W, wanda bakin jama'a ya mayar Dubulbe, sunan da ya samo daga lanƙwasar kogin Isa a wurin. An ɗaga shi zuwa gandun ƙasa a 1954, ɓangaren Nijar hekta dubu 220 ne tsakanin kogunan Tapowa da Mekuru, ya shiga kundin kayan gadon duniya a 1996, a 2017 aka haɗa shi da Arli na Burkina Faso da Panjari na Benin a kundi ɗaya. Nan ne garken giwaye mafi girma da ya rage a yammacin Afirka yake, tare da ɓauna, gwanki, kanki, maraya, mugun dawa da dorina. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya ƙiyasta cewa zakokin da suka rage a yammacin Afirka kimanin 400 ne, kusan kashi 90 cikin ɗari kuma a wannan daji na ƙasashe uku suke. Masana sun gano cewa zakin nan ya fi kusanci da zakin Indiya a jini fiye da na Kenya da Afirka ta Kudu. Wanda ya ce zaki zaki ne, a je inda ya fi yawa, bai san abin da yake faɗi ba.

Tambaya ta biyu ta fi nauyi, ita ce kuma kamfanoni suka fi ƙi: su wa ke zaune a gefen gandun, me suka rasa, me suke samu? Hoton fili fetal da namun daji ba mutum ko ɗaya, wanda ke jan baƙi, sau da yawa ƙirƙirarsa aka yi. Serengeti ya zama gandun ƙasa a 1951, a 1959 aka tashi Masai makiyaya daga cikinsa aka mai da su Ngorongoro da alkawarin ba za a sake taɓa su ba. A watan Yuni na 2022 jami'an tsaron Tanzaniya suka shata murabba'in kilomita 1500 na makiyayar Masai a Loliondo, yankin da wani kamfanin farauta na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya daɗe yana da lasisi, aka yi arangama, aka ji wa mutane rauni, wasu suka tsere Kenya. A Afirka ta Kudu an kori al'ummar Makuleke daga arewacin gandun Kruger a 1969, sai a 1998, bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata, aka mayar musu da ƙasarsu. Suka zaɓi barin ta ga namun daji, amma yanzu su ne masu ƙasa, kuma suna da kaso cikin abin da masaukan baƙi ke samu. Ruwanda na karɓar dalar Amurka 1500 daga baƙon ƙetare da ke son ganin gwaggon birin dutse, kashi 10 cikin ɗari na kuɗin gandayenta kuma na komawa ga garuruwan da ke kewaye. Waɗannan wurare duka suna cikin takardar talla ɗaya, da hotuna masu kyau iri ɗaya, amma kuɗin baƙo ba aiki ɗaya yake yi a cikinsu ba. A wani wuri yana gina aji, a wani wuri yana sayen man motar da ke korar makiyayi.

Kada a ɗauka na gida ya kuɓuta daga wannan tambaya. Shi ma gandun W sai da aka tashi ƙauyukan da ke cikinsa a zamanin mulkin mallaka, kuma shekara da shekaru Bafillacen da ke gangarawa kudu da shanunsa da rani bai san gandun da komai ba sai tara da kamu. A Kure, manomi ne ke biyan kuɗin abincin raƙumin dawa: shi ake cinye wa wake, shi ake kakkaɓe wa mangwaro. Abin da ya sa ya haƙura ya haɗa da doka, ya kuma haɗa da rijiyoyi, ƙananan basussuka da aikin ja-gora da ƙungiyoyin kare dabbar suka kawo, da ɗan abin da baƙi ke bari. Darasin ɗaya ne a ko'ina: dabba na rayuwa ne gwargwadon haƙurin maƙwabcinta, haƙuri kuwa ba ya daɗewa in ciki babu komai. Gandun Zakuma na Cadi shaida ne. Giwayensa sun faɗo daga wajen 4000 a 2002 zuwa kimanin 450 a 2010, mahaya dawaki masu neman haure suka ƙarar da su. A 2010 gwamnatin Cadi ta ba ƙungiyar African Parks riƙon wurin, aka gyara tsaro, aka haɗa garuruwan kewaye da masu gadi ta hanyar rediyo, aka gina makarantu, aka ware masauki domin ƴan ƙasa su ma su zo su ga dajinsu. A 2021 giwayen sun haura 600.

Tambaya ta uku ita ce ta hanya, a nan kuma dole a juya a fuskanci wani ɓangare, wato masu kishin da ya wuce hankali, waɗanda za su ce tun da na gida ne a loda yara a mota a tafi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A watan Fabrairu na 2013 an sace iyalin Faransawa bakwai, huɗu daga ciki yara, kusa da gandun Waza na Kamaru. A watan Mayu na 2019 an sace baƙi biyu a Panjari, aka kashe ja-goransu ɗan Benin. Ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga suka kashe mutum takwas a Kure: ma'aikatan agaji shida ƴan Faransa, da direbansu da ja-goransu ƴan Nijar. Dajin W kuwa ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai sun mai da shi mafaka, masu gadinsa da sojoji da dama sun rasa rayukansu a ɓangarorinsa uku. Malamin da zai kai ƴaƴan mutane irin wannan wuri ba tare da izinin hukuma da shawarar jami'an gandun daji ba, ba kishin ƙasa ya yi ba, ganganci ya yi, kuma amanar iyaye ce ya ci.

Sai dai akwai bambanci tsakanin a ce ba a zuwa wuri bana da a ce wurin ba ya nan. Lokacin da baƙi suka ɗauke ƙafa, ja-goran da ya bar farauta ya koma nuna dabba ya rasa abin kai wa gida, mai sayar da shayi a bakin hanya ya tashi, manomin da aka cinye wa wake ya fara tambayar kansa dalilin haƙurinsa. A daidai wannan lokaci ne gandu ya fi buƙatar a riƙa ambatonsa a aji, a jarida da gidan rediyo, domin ranar da lafiya ta dawo a tarar da mutanen da suka san darajarsa. Cire shi daga darasi don an rufe ƙofarsa daidai yake da daina gaida mara lafiya don ba ya iya fitowa zaure.

Ta huɗu ita ce ta lokaci, kuma a nan ne rashin sani ke sa a zargi daji da laifin da ba nasa ba. Da damina ciyawa ta fi mutum tsawo, ruwa na ko'ina, dabbobi sun watse, hanyoyi sun yanke. Zakuma ruwa ke mamaye shi, ba a shigarsa sai daga ƙarshen shekara zuwa watan Mayu. A irin dajin W da Yankari, ganin dabba na rani ne, daga Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da ƙishirwa ke tara kowa a bakin ruwa ɗaya, da sassafe ko da la'asar sakaliya. Babban hutun lakwal kuwa ya faɗo ne tsakiyar damina. Ayarin da ya tafi cikin Agusta, ya isa da tsakar rana, yara na kaɗe-kaɗe cikin mota, ya dawo ya ce bai ga komai ba, kansa ya kamata ya tuhuma. Ƙananan hutun Disamba da na Maris su suka dace da irin wannan tafiya. A gabashin Afirka lissafin daban ne: ƙaurar nan ta dabbar da ake kira gnu, sama da miliyan ɗaya, tana isa Masai Mara ne tsakanin Yuli da Oktoba, shi ya sa tun 2024 kuɗin shigar baƙon ƙetare a rabin shekara na biyu ya kai dalar Amurka 200 a yini, sama da jika 100 na sefa, ban da jirgi da masauki da mota.

Ba a ce kada mai hali ya je can ba. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma ganin dubban dabbobi na faɗawa kogin Mara abu ne da ke sa mutum ya tuna girman Mahalicci. Amma ya tafi da tambayoyinsa a hannu. Ya san cewa cunkoson motoci a kan dabba ɗaya ba kallo ba ne kawai: wani bincike da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa rabbi mace da ke zaune inda motocin baƙi suka yi yawa a Masai Mara ba ta iya raya ƴaƴa kamar wadda ke inda ba cunkoso. Ya tambayi mai masauki wa ke da ƙasar, ya tambayi direba daga wane gari yake. In ya dawo kuma, kada ya zama wanda ya ga giwar garin wani ya dawo yana kiran ta gida zomo.

Akwai sauran hujja ɗaya da ake jefowa, wadda ke kama da hikima: wai ƙasar da ke fama da yunwa ba ta da lokacin dabbobin dawa, wai wannan sha'awa ce ta Turawa. Mai wannan magana ya saurari bakinsa. Da me ake yi wa sarki kirari in ba giwa da zaki da ɓauna ba? Su wa ke cikin tatsuniyar da kakarsa ta yi masa in ba kura da dila da zomo ba? Ƙasar Hausa ta san sarkin dawa, ta san buɗin dawa, ta san lokacin da aka hana farauta da dabbar da ba a harbi, tun kafin a ga farar fata. Can arewa, a Dabus, kusa da hanyar Agadas zuwa Arlit, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa jikin dutse dubban shekaru da suka wuce, babban ya haura mita 5, an fitar da kowane zanen fatarsa. Wanda ya yi wannan aiki ba baƙo ba ne mai takardar talla. Har cikin shekarun 1990 giwaye na ƙetarowa daga Najeriya su shigo dajin Baban Rafi, kudu da Maraɗi, dattawan wurin na nan da rai. Yau yaro na haddace karin magana a kan gwanki da mariri bai san ko tsuntsaye ne ko kifaye ba. Harshen da sunayensa suka rabu da abin da suke nufi ya fara zama kwasfa. Shi mariri, a 2000 aka bayyana cewa ya ƙare a dawa. Daga 2016 aka fara dawo da shi tsakiyar Cadi daga garkunan da aka tsare a ƙasashen waje, a 2023 kuma aka cire shi daga jerin waɗanda suka ƙare. Abin da aka kashe na kuɗi da shekaru kafin a kai ga haka ya ninka abin da tsare shi tun farko zai ci.

Malami ko shugaban ƙungiyar da ya yarda da waɗannan tambayoyi ba zai rasa inda za shi ba. Gadabeji na nan ga mutanen Maraɗi da Tawa, in hukuma ta tabbatar da hanya. Yankari na jihar Bauci, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, yana da giwaye da ɓauna da gwanki da ruwan ɗumin Wikki, ga kuma wata falala da Serengeti ba zai taɓa bayarwa ba: ja-gora zai yi wa yaro bayani da Hausa, ya kira kowace dabba da sunan da yaron ya ji a tatsuniya. Shi ma sai an tambayi halin hanya kafin a tashi. Inda nisa ko tsaro ya hana, akwai tafkin Madarumfa, akwai na Gidimuni da na Tabalak, inda tsuntsayen Turai ke sauka da sanyi, kuma yini ɗaya da madubin hangen nesa guda ya isa aji ya ƙidaya iri ashirin. Akwai gidan tarihin Bubu Hama a Yamai, ko da yake dabbar keji rabin dabba ce. Akwai tsohon maharbi a kusan kowane gari, wanda ya san sawu da kashi da kuka, ba wanda ya taɓa gayyatarsa aji, kuma in ya mutu da kundinsa za a rufe shi. Akwai jami'in gandun daji da zai yi murna a kira shi don wani abu ban da rigimar itace. Ƙungiyar da ta tara sunayen namun dajin yankinta da Hausa, da Tamajak, da Fulatanci, da Barbarci, ta rubuta inda aka ga kowanne a karo na ƙarshe da shekarar da aka gan shi, ta yi aikin da babu kamfanin ƙetare da zai yi mata.

Zaɓen gandu ƙuri'a ce da ake kaɗawa da kuɗi da ƙafa da baki. Kowane ayarin da ya sauka wuri yana gaya wa maƙwabtan wurin cewa abin da suke haƙuri da shi na da daraja, kowane malamin da ya ce a nan babu abin gani yana gaya wa yara arba'in cewa in ya ɓace ba a yi asara ba. A cikin yaran nan akwai wanda gobe zai zauna kujerar da ake shata iyakar gandu, ko ake sa hannu a lasisin haƙar mai, ko ake yanke wa maharbin da aka kama hukunci. Abin da zai yi ranar nan ya danganta da tiyar da aka miƙa masa yana aji. Raƙuman dawa 49 aka samu a 1996, manoman da ba su taɓa ganin takardar talla ba suka bar su suka rayu. Zai zama abin kunya a ce masu karatu ne suka kasa ganinsu.